Makarantar marayu a Arewacin Kamaru: a yi lissafin shekara shida kafin a aza tubali

Gini bai cika rasa mai yi ba. A Garwa ko Marwa ko Kuseri, alhaji ɗaya zai iya tsayar da aji uku da ɗan masallaci, a rubuta sunan mahaifiyarsa a jikin bango, a yi addu'a a watse. Abin da ke rasa mai ɗauka shi ne albashin watan Afrilu, da buhun masarar watan Mayu, da kuɗin yashe masai. Babu mai son a ce sadakarsa ta tafi a yashe masai, amma irin waɗannan kuɗaɗen ne ke riƙe makaranta, kuma rashinsu ne ke sa a tarar da azuzuwa masu sabon fenti awaki na kwana a ciki.

Firamaren tsarin Faransanci aji shida ce, daga na farko zuwa na shida: SIL, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Yaron da aka rubuta sunansa yau, nauyin shekara shida aka ɗauka, don haka lissafin da za a fara yi shi ne na shekara ta shida. A ƙaddara yara 40 a kowane aji. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a ma'aikatu masu zaman kansu, ban da harkar noma, sefa 60,000 ne a wata. Malami ɗaya kenan sefa 720,000 a shekara, wato 18,000 a kan kowane yaro, ban da kason da mai makaranta zai riƙa zuba wa asusun fanshon ma'aikata, CNPS. A shekara ta shida akwai yara 240 da malamai shida, albashinsu kaɗai sefa 4,320,000, ba a sa shugaban makaranta da mai gadi da masu girki ba.

Abinci kuma: kwano ɗaya na rana ga yaron firamare yana cin kamar giram 150 na hatsi, giram 40 na wake, giram 10 na mai, da ɗan gishiri. Idan aka ƙaddara kwana 170 na karatu, aji ɗaya zai ci buhu 10 na kilo 100 a shekara. Yara 240 za su ci kusan buhu 61 na hatsi, buhu 16 na wake, da jarka 22 ta mai mai lita 20. A zauna da farashin kasuwar garin a buga wannan lissafi, a ƙara allo da alli da littattafai da kayan makaranta da magani, sannan a ɗora kashi goma bisa ɗari saboda abin da ba a zata ba. In adadin ya fi ƙarfin waɗanda suka yi alkawarin bayarwa duk wata, a rage yaran tun a kan takarda. Rage su a takarda ya fi sauƙi a kan a kira uwa a ce mata ɗanta ya zauna gida daga watan gobe.

Takardu

Bai kamata makaranta ta tsaya da sunan mutum ɗaya ba. Ana fara kafa ƙungiya bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990: a rubuta kundin tsari, a yi taron kafawa, a kai takardu ofishin prefe, wato babban jami'in mulki, na yankin da ƙungiyar take. Idan wata biyu suka wuce prefe bai ce komai ba, doka ta ɗauki shirun a matsayin amincewa, amma a bi sawu har a karɓo takardar shaida a hannu, don banki ba zai buɗe asusu da shiru ba.

Akwai wani tarko a dokar da mutane da yawa ba sa gani sai sun taka. Sashe na 11 ya hana ƙungiyar da aka yi wa rajista irin wannan karɓar tallafin hukuma ko kyauta da wasiyyar mutane, sai in an amince da ita a matsayin mai amfanar jama'a. Hanyar da aka fi bi ita ce neman matsayin ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, bisa dokar 22 ga Disamba 1999, wadda ke buƙatar ƙungiya ta nuna aikin shekara uku kafin a ba ta izini na shekara biyar da ake sabuntawa. Saboda haka tun watan farko a riƙa adana rahoto da rasit da hotunan aiki, su ne hujjar waɗannan shekaru ukun. Kafin a kai can, a gina kuɗin shiga a kan gudummawar membobi, manyan tallafi kuma a bi da su ta hannun wata ƙungiya mai izini, da yarjejeniya a rubuce wadda wani masanin doka ya duba.

Ita makarantar kanta tana ƙarƙashin dokar makarantu masu zaman kansu ta 2004, kuma ma'aikatar ilimin firamare, MINEDUB, ita ke da iko a kanta. Matakai biyu ne daban: sanarwar kafawa, sannan sanarwar buɗewa bayan an duba gini da kayan aiki da takardun malamai. Za a kuma zaɓi tsarin da za a shiga daga cikin huɗu, na Musulunci, na Katolika, na Furotesta ko wanda ba na addini ba. Sufeton firamare na ƙaramar hukumarku shi ne mutumin farko da ya kamata a gaisa da shi, tun kafin a haƙa harsashi. Makarantar da ta buɗe ba izini takan gane kurenta ne a shekara ta shida, sa'ad da ɗalibanta za su zauna jarrabawar kammala firamare, CEP, ta rasa sunan da za ta shigar da su.

Fili kuma, kyautar baki daga jauro ko lawan ko ma mai martaba Lamiɗo abin godiya ce, amma ba ta isa ba. A rubuta ta da shaidu, a nemi takardar mallaka ta hukuma da sunan ƙungiya. Wanda ya ba da fili yakan rasu, magada kuwa sukan ga shaguna a inda mahaifinsu ya ga lada. A garuruwan yankin kogin Logon irin su Yagwa da Maga da Kuseri, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwan 2024 ya tsaya, a ɗaga daɓen azuzuwa sama da nan.

Wa za a ɗauka

Nan ne aikin ya fi wuya, nan ne kuma aka fi cutar masu niyyar alheri. Ranar da aka ji za a ba da karatu da abinci kyauta, layi zai kai bakin titi, kuma kowane yaro maraya ne. Wani ubansa na nan da ransa yana tuƙin babur a Duwala. Wata kuma da gaske uban ya rasu, amma baffanta mai shago uku ne. A gefe guda ga yarinyar da iyayenta duka suna raye, uban ya shekara biyu a kwance, ita ke ɗaukar tallan da ake ci a gidan, kuma ba wanda zai kawo ta layi don ranar da ta tsaya a layi ba a ɗora tukunya ba.

Maganin wannan shi ne tattaki. Kwamitin mutum biyar ya isa: limami ko wani malamin unguwa, wakilin mai unguwa, mata biyu, da mutum ɗaya daga ƙungiya. Matan su ne ke shiga cikin gida. A duba abubuwan da ba a iya ɓoyewa: mutum nawa ke kwana a ɗakin, sau nawa aka hura wuta jiya, wa ke ciyarwa, shin akwai wani yaro a gidan da ke zuwa makaranta. A rubuta a takarda iri ɗaya ga kowa, kwamiti duka ya sa hannu. Ɗan kwamiti ba ya yanke hukunci a kan yaron danginsa. A unguwannin da ’yan gudun hijira daga Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari suka sauka, a ware musu kaso, amma kada a ba su duka gurbin a bar marayun masu masauki, don daga nan ƙananan maganganu ke farawa. Kada kuma a tambayi addini ko ƙabila kafin a duba buƙata.

Da mai riƙon yaro ake yin yarjejeniya, a gaban shaidu: ba za a cire shi don kiwo ko talla ba, yarinya kuma ba za a aurar da ita tana tsakiyar karatu ba. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai takarda ba ta ciyar da gida. Idan tallan yarinya ne abincin iyali, a nemi abin da zai maye gurbinsa, ko da kwanon hatsi ne duk Juma'a ga wadda ba ta yi fashi a makon ba. Ya fi wa'azi tasiri.

Shawararmu ita ce a haɗa da yara masu biyan kuɗi, ko da kashi uku cikin goma ne. Kuɗinsu zai rage nauyin albashi, iyayensu kuma su ne masu zuwa su yi ƙorafi idan malami ya yi latti, abin da gwauruwa mai cin alfarma ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Riga iri ɗaya, layin abinci ɗaya, kuma kada a rubuta "marayu" a allon ƙofa. Yaro zai fita da wannan rigar ya ratsa kasuwa.

Tun ranar rajista a tambayi takardar haihuwa. Yawancin yaran da za a kawo ba su da ita, kuma ba a shiga CEP ko jarrabawar shiga sakandare sai da ita. Wanda lokacin rajistarsa ya wuce sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ake kira jugement supplétif: likita ya ƙiyasta shekarunsa a rubuce, a samo shaidar cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, a zo da shaidu, bayan hukunci a koma ofishin magajin gari a rubuta takardar. Yana cin kuɗi da watanni. A tara fayilolin yara a kai su tare, a kuma sa kunne ga zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake shiryawa lokaci-lokaci tare da ƙananan hukumomi da hukumar rajistar haihuwa, BUNEC. A gama wannan kafin yaro ya bar CP. A kula da rubutun suna: idan takarda ta ce Ousmanou, rajistar makaranta ta ce Ousman, a CM2 za a sha wahalarsa.

Kwana ko jeka-ka-dawo

Masu bayarwa suna son ɗakin kwana don yana kyau a hoto. Mu dai muna ganin a bar yaro a hannun kakarsa ko gwaggonsa matuƙar akwai mai riƙo, a tallafa wa gidan. Kwana yana ninka abinci sau uku, yana buƙatar mai kula da dare, gidan sauro, ruwa mai yawa, da izini daban daga ma'aikatar jin daɗin jama'a, MINAS. Yana kuma yanke yaro daga danginsa, har a raba gadon ubansa ba wanda ya tuna da shi. A ajiye ’yan gadaje don wanda ba shi da kowa, ko wanda gidan riƙon ya zame masa haɗari, kuma da sanin jami'in cibiyar jin daɗin jama'a.

Ko da kwana ko babu, wasu ƙa'idoji ba su da sassauci. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe. Malami ba ya aiken ɗaliba gidansa. Baƙo, ko shi ya gina makarantar, ba ya zagayawa shi kaɗai. A naɗa mace ɗaya da yara suka sani za su iya kai mata ƙara. Bugun yara haramun ne a makarantun Kamaru tun dokar ilimi ta 1998, a faɗa wa malamin allo ma haka in zai koyar a harabar. Hoton yaro cikin tsumma yana kuka kuwa, ko da zai kawo kuɗi, kada a ɗora shi a Facebook. Yaron zai girma ya gani.

Sito da madafi

Hatsi ana sayensa da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sai masakwa idan ta shigo wajen Fabrairu. Wanda ya bari sai Mayu zai saya da tsada. Matsalar ita ce lokacin da kuɗi suka fi shigowa, wato azumi, ba kullum yake dacewa da kaka ba, don haka a ware kuɗin hatsi a asusu a jira lokacinsa.

Wake shi ne mai saurin lalacewa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba magani ba, kuma dabarar ma a Marwa aka fara gwada ta tare da masu binciken noma na IRAD. Sharaɗinsa wake ya bushe ƙarau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ɓera ya huda shi, an gama. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara da bango, wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

Satar sito ba ta zuwa da fasa ƙofa, kwano-kwano take tafiya. A sa kwaɗo biyu, makulli a hannun mutum biyu. Kowace safiya a ƙirga yaran da suka zo, a auna da sikeli a gaban mai girki, a rubuta. Ƙarshen wata wani daga kwamiti ya ƙirga buhuna ya gwada da littafi. Masu girki a ɗauko su daga cikin iyayen yaran, a biya su, a kuma ba su rabonsu a fili don kada su ɗauka a ɓoye. Murhun laka mai rufaffen gefe yana rage cin itace sosai a kan duwatsu uku.

Ruwa: aƙalla lita 5 ga kowane yaro a rana, 20 ga mai kwana. Masai ɗaya ga ’yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, na mata nesa da na maza, duka kuma mita 30 ko fiye daga rijiya. In ba a yi na mata da ƙofa mai sakata ba, ’yan CM1 da CM2 za su riƙa ɓacewa kwana huɗu duk wata ba wanda ya san dalili. A ƙulla yarjejeniya da asibitin unguwa don gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta daidai lokacin komawa makaranta a Satumba da Oktoba, da maganin tsutsar ciki, da na tsargiya ga yaran da ke wanka a tafkin Lagdo ko na Maga. Zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ajin kwano marar silin tanderu ne, don haka a ɗaga rufi, a yi tagogi masu fuskantar juna, a dasa dalbejiya tun shekarar farko.

Malamai

A nemi masu takardar CAPIEMP daga makarantun horon malamai na ENIEG. Da yawansu za su tafi ranar da gwamnati ta ɗauke su, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da ke tsawaita zamansu shi ne albashi a rana ɗaya tabbatacciya, har da watannin hutu. Mai biyan wata tara zai riƙa neman sababbin malamai duk Satumba.

Mafi gwanintar malamai a ba shi SIL. Yaran suna zuwa da Fulatanci, Hausa, Kanuri, Larabcin Shuwa, Mafa ko Tupuri, a tare su da Faransanci tun ranar farko. Malamin da ke jin Fulatanci da Hausa zai iya yi musu gada. Ɗan shekara 11 da bai taɓa shiga aji ba kada a zaunar da shi da ’yan shekara 6, kunya za ta kore shi kafin hutun farko. A yi musu ajin gaggawa na shekara ɗaya, a gwada su, a sa kowa inda ya dace. Karatun allo da Islamiyya a ba su yamma, don yawancin masu riƙo ba za su saki yaro ba sai sun tabbatar bai bar Alƙur'ani ba.

Kuɗin jama'a

Asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu cikin uku, kuma kada biyun su zama ’yan gida ɗaya. Lambar Orange Money ko MTN MoMo da ake tallatawa kada ta zama ta wayar shugaba, ko da waliyyi ne, don ranar da aka fara zargi ba shi da abin da zai wanke kansa. Kowace sefa da rasit. Duk ƙarshen zango a liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a bangon ofis, a tura wa masu bayarwa.

Zakka a ware mata littafi daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin ta, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da ita ba. Maraya yana cin ta ne da talaucinsa, don haka ta tafi a abincinsa da tufafinsa da maganinsa, bisa shawarar malamin da kwamiti ya amince da shi. Haka kuma kuɗin da aka bayar don rijiya ba a biyan albashi da shi sai an koma an nemi izinin mai shi.

Mutum 200 masu ba da sefa 2,000 duk wata sun fi alhaji ɗaya mai ba da 400,000. Jimlar ɗaya ce, amma in mutum goma suka janye ba a ji ba, in alhaji ya yi asara a kasuwa kuwa an rufe. Kada mai bayarwa ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasafin. ’Yan gari da ke Yawunde, Duwala, Injamena ko Saudiyya, da ƙungiyoyin ’yan kasuwa, da fatun layya, duka ƙofofi ne. Ga masu ɗaukar nauyin yaro guda, a gaya musu tun farko cewa kuɗin na shiga tukunya ɗaya ne, don kada a wayi gari wani yana da takalmi biyu na kusa da shi ba ko ɗaya.

Sana'ar da makaranta za ta dogara da ita a zaɓi marar hayaniya. Shagunan haya a jikin katanga, a yi musu wakafi a rubuce, su ne suka fi kwanciyar hankali. Sayar da ruwan burtsatse mai sola yana biye, in an sa mita. Kiwon raguna na wata uku zuwa huɗu kafin layya yana kawo riba idan an sayi harawa da ƙuli da wuri. Kajin gidan gona sukan mutu da zafin Afrilu, injin niƙa kuwa ribarsa a aljihun mai tayar da shi take ƙarewa, sai in haya aka ba shi a kan kuɗi tsayayye.

Ƙara aji

Aji ɗaya a shekara, yana bin yaran da aka fara da su. Kafin a buɗe sabo a tabbatar da abu uku: akwai albashin wata uku a ajiye, hatsin shekara yana sito, kuma yaran CP suna iya karanta gajeren layi. Na ukun a gwada shi da gaske, a kira yaro shi kaɗai a ba shi jimlar da bai taɓa gani ba, don rera karatu tare yana ɓoye waɗanda ba su iya ba. Idan wani ya zo da tayin gina aji shida a tashi ɗaya, a gode masa, a roƙe shi ya gina uku, sauran kuɗin ya yi shaguna.

Tun yara suna CM1 a fara shirin fitarsu. Kuɗin CEP da na jarrabawar shiga aji ɗaya na sakandare ana biyansu tun zangon farko na CM2, a sa su a kasafi. Kafin a yi mafarkin buɗe sakandare, ya fi arha a biya wa waɗanda suka ci kuɗin makarantar gwamnati da littattafai, a sa mutum ɗaya ya riƙa karɓar sakamakonsu duk zango. Masu hannun sana'a a duba musu makarantun koyon sana'a na CETIC ko SAR/SM, ko a damƙa su ga tela, kafinta ko makanike da yarjejeniyar da ta faɗi shekarun koyo, da wanda zai ciyar, da kayan aikin da za a sallame su da shi. A buɗe wa wannan layi nasa a kasafi tun shekara ta huɗu, domin a ƙarshen shekara ta shida yara 40 ne za su fita, wasu 40 kuma suna jiran shiga SIL.